Sharhi: Motar da ke tafiya da ruwa da kafiretar mil 200, ina gaskiyar maganar take?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, babu lissafin da ya hana magidanci barci a Najeriya kamar lissafin lita. Man da ake saye ƙasa da naira 200 ya kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya taɓa naira 617 a Abuja a watan Yulin wannan shekara, kafin ya tsallake naira 1,000 a Oktoban 2024. Ma'aikata da dama sun jingine motocinsu a gida sun koma shiga haya, direbobin haya kuma sun koma kashe inji a kowace gangara.

A cikin wannan hali ne wasu tsofaffin labarai suka samu sabuwar kasuwa a WhatsApp da Facebook da TikTok. Yau a ce wani matashi ya ƙera janareta mai aiki da ruwan famfo, gobe a ce wani Ba'amurke ya taɓa ƙera motar da ke yin ɗaruruwan kilomita da galan guda amma kamfanonin mai suka kashe shi, jibi kuma a tallata wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa a bututun mai, wai ta rage shan mai da rabi. Ƙarshen kowane bidiyo iri ɗaya ne: ko dai kira ga gwamnati ta tallafa wa mai ƙirƙirar, ko lambar asusun da za a tura kuɗi.

Maganar ta wuce ta nishaɗi, domin akwai dukiyar mutane a ciki, akwai lafiyar injinansu, akwai kuma kuɗin jama'a da hukumomi kan iya ɗauka su zuba a inda bai dace ba. Saboda haka ya kamata a bi diddigin waɗannan labarai, a ga inda suka samo asali da kuma yadda suka ƙare.

Tsohon zance ne

Labarin ya girmi yawancin masu yaɗa shi. A shekarun 1930, wani mai ƙere-ƙere a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, Charles Nelson Pogue, ya samu takardun mallakar fasaha a kan wata kafireta da jaridun lokacin suka ce tana kai mota mil 200 da galan guda, wato sama da kilomita 70 da lita ɗaya. Dabararsa ita ce a dumama fetur ya zama tururi tsantsa kafin ya shiga inji. Ba a taɓa ƙera kafiretar don sayarwa ba, amma sunanta ya zama tatsuniyar da ake farfaɗowa duk lokacin da mai ya yi tsada.

Haka kuwa aka yi bayan rikicin mai na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka dakatar da sayar wa Amurka mai, layuka suka cika gidajen man ƙasar. A 1977 wani matashi a garin El Paso na jihar Texas, Tom Ogle, ya tara 'yan jarida ya ce ya yi tafiyar kimanin mil 200 a cikin wata ƙatuwar Ford Galaxie da man da bai kai galan 2 ba. Shi ma tururin fetur ya dogara da shi. Ya samu takardar mallakar fasaha a 1979, ya samu masu zuba jari, amma na'urar ba ta shiga kasuwa ba, kuma ya rasu a 1981 yana da shekara 26.

Wanda ya fi kowa suna a wannan fage shi ne Stanley Meyer na jihar Ohio, wanda hoton motarsa ya fi yawo a wayoyin 'yan Najeriya. Meyer ya yi iƙirarin cewa motar za ta iya tashi daga Los Angeles ta isa New York da galan 22 na ruwa. Abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne, a 1996 mutum biyu da suka zuba masa jari sun kai shi kotu. Ƙwararrun da suka duba na'urar sun shaida cewa babu wani sabon abu a cikinta, tsohuwar hanyar raba ruwa da wutar lantarki ce da ake koya wa ɗaliban sakandare. Kotu ta same shi da zamba mai muni, ta kuma umarce shi ya mayar musu da dala 25,000. Ya faɗi ya mutu a watan Maris na 1998 bayan ya fito daga wani gidan cin abinci, kuma an ruwaito cewa ya ce guba aka sa masa. Binciken gawa na hukuma ya nuna jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa. Daga wannan mutuwa ne aka gina duk labarin kisan gilla da ake ji a yau.

Ƙasashe masu tasowa ba su tsira ba, kuma a can abin ya fi muni domin yakan kai har fadar gwamnati. A Filifin, Daniel Dingel ya shafe shekaru masu yawa yana nuna motarsa mai amfani da ruwa, har zuwa 2008 da kotu ta yanke masa hukuncin ɗauri bisa damfarar wani kamfanin Taiwan da ya ba shi kuɗin bincike. A Indiya, Ramar Pillai ya girgiza ƙasar a 1996 da iƙirarin yin fetur daga ganyayyaki da ruwa, kuma a 2016 kotu ta same shi da laifin sayar wa jama'a haɗin sinadaran man fetur da sunan man ganye. A Pakistan a 2012, ministoci sun hau motar Agha Waqar Ahmad a gaban kyamarori, wasu manyan masanan ƙasar ma sun goya masa baya, sai da masanin kimiyyar fiziya Pervez Hoodbhoy da Farfesa Atta-ur-Rahman suka tsaya kai da fata cewa abin ba zai yiwu ba kafin ƙurar ta lafa.

Nan Afirka, Zimbabwe ta ba da misali mafi ban takaici. A 2007, ana tsakiyar ƙarancin mai, wata bokanya mai suna Rotina Mavhunga ta ce tataccen man dizal na fitowa daga wani dutse kusa da garin Chinhoyi. Gwamnatin Robert Mugabe ta tura tawagar ministoci, suka cire takalma suka zauna a gabanta, aka yi mata kyaututtuka. Daga baya aka gano akwai tankin mai da aka ɓoye a saman dutsen, da mai buɗe bututu idan ta ba da alama. A watan Janairun 2025 kuma, a fadar shugaban wannan ƙasa dai, Maxwell Chikumbutso ya nuna wa Shugaba Emmerson Mnangagwa wata mota da ya ce ba ta buƙatar mai ko caji, wai daga igiyoyin rediyo da ke iska take samun ƙarfi. Bidiyon ya zagaye Najeriya kamar wutar daji. Sai dai ƙarfin da eriya ke iya tsinta daga igiyoyin rediyon da ke yawo a gari bai isa ya kunna ƙwan tocila yadda ya kamata ba, alhali mota a kan titi tana cin dubban wat a kowane lokaci.

Abin da ke cikin lita guda

Don a fahimci dalilin da ya sa injiniyoyi ba sa rawar jiki da irin waɗannan labarai, sai an koma ga lissafi, kuma lissafin ba mai wahala ba ne. Lita guda ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kimanin yunit 9 na wutar lantarki, irin yunit ɗin da ake saye a loda a mita. Wannan shi ne iyakar abin da ke cikinta. Babu kafireta ko maganaɗisu ko ƙwaya da za ta mayar da shi 20.

Masu kafiretar tururi sun gina hujjarsu a kan cewa inji ba ya ƙona man da aka ba shi, wai yawancinsa fita yake ta salansa a ɗanyensa. Wannan shi ne kuskuren da dukkan ginin ya doru a kai. A injin zamani mai lafiya, man da ke tsira bai ƙone ba 'yan kaso ne ƙalilan cikin ɗari. Ko da an ƙona shi ƙurmus, ribar ba za ta wuce waɗannan 'yan kason ba. Asarar gaske tana wani wurin ne: man yana ƙonewa, amma kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa zafi yake zama, ya fita ta salansa da lagireto. Duk wanda ya taɓa kai hannu kusa da salansar motar da ta yi doguwar tafiya ya ji inda kuɗinsa suke tafiya. Wannan asara ba sakacin masu ƙera mota ba ce, ɗabi'a ce ta kowane inji da ke mayar da zafi ya zama motsi, kuma injiniyan Faransa Sadi Carnot ya bayyana iyakarta tun 1824. Injinan fetur mafi inganci da kamfanin Toyota ke sa wa motocinsa suna kai kashi 40 zuwa 41 cikin ɗari a mafi kyawun yanayinsu. Injinan tseren Formula 1, da ake kashe musu miliyoyin daloli, da ƙyar suka haura kashi 50.

Sai a ɗauki mota mai kujeru biyar, mai nauyin kimanin kilo 1,400, tana gudun kilomita 100 a awa a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Don ta keta iska ta kuma rinjayi jan taya da kwalta, tana buƙatar wajen yunit 12 zuwa 13 a ƙafafunta a kowace kilomita 100. Da a ce akwai injin da ba ya asarar komai, wanda babu shi kuma ba za a yi shi ba, da lita ɗaya da rabi ta ishe ta, wato kimanin kilomita 70 da lita. Ke nan adadin da aka jingina wa Pogue yana bakin iyakar abin da injin da ba ya fitar da zafi ko kaɗan zai iya yi wa motar zamani. Ita kuwa Galaxie ta Ogle, mai nauyin kusan tan 2 da faffaɗan gaba kamar akwati, idan aka yi mata irin wannan kiyasi za a tarar sai kusan dukkan makamashin man ya isa ƙafafu kafin ta yi mil 100 da galan. Injin da ke yin haka zai yi tafiyar awa uku a taɓa shi a ji shi da sanyi.

Batun ruwa ya fi wannan sauƙin warwarewa. Gaskiya ne ruwa ya ƙunshi iskar haidurojin da oksijin, kuma haidurojin na ci da wuta sosai. Amma ruwa shi ne abin da ke saura bayan haidurojin ya riga ya ƙone. Matsayinsa matsayin toka ne a murhu. Kafin a mayar da shi abin ƙonawa sai an raba shi, kuma rabawar tana cin makamashi fiye da wanda za a samu idan aka sake ƙona shi. A masana'antu, samar da kilo guda na haidurojin yana cin lita 9 ta ruwa da yunit 50 ko fiye na lantarki, alhali abin da kilon zai bayar a inji bai wuce yunit 33 ba.

A nan ne kwalbar ruwan da wasu makanikai ke ɗaurawa kusa da batir take faɗuwa. Wutar da ke raba ruwan daga otaneta take fitowa, otaneta kuma inji ne ke juya ta, inji kuma fetur yake sha. Daga yunit 9 na lita guda, ƙasa da 3 ne ke zama juyi. Otaneta ta zubar da wani kaso, kwalbar ta zubar da wani, sannan iskar da aka samu ta koma cikin injin da zai sake watsar da kashi biyu cikin uku. A ƙarshe abin da ya dawo bai fi kashi ɗaya cikin tara na abin da aka kashe ba. Kamar mutum ne ya ciri naira 900 daga aljihun dama, ya sa naira 100 a na hagu, yana murnar ya samu riba.

Akwai abubuwa na gaskiya da suka yi kama da wannan, kuma su ne ke ruɗa jama'a. Motar Toyota Mirai da ta fito a 2014 tana amfani da haidurojin, ruwa ne kuma ke fita ta salansarta, amma haidurojin ɗin saye ake yi a tasha bayan an kashe makamashi an samar da shi. Wasu jiragen yaƙin duniya na biyu da wasu motocin gudu suna fesa ruwa cikin inji, amma don sanyaya shi ne, fetur na nan yana aikinsa. Haka kuma duk mai walda ya san idan aka zuba ruwa a kan kabaid iska mai ci da wuta na tashi, kuma ana iya samun haidurojin idan aka jefa gwangwanin alminiyom cikin ruwan soda mai ƙarfi. Janareta na iya tashi da irin wannan iska na ɗan lokaci a gaban 'yan kallo. Sai dai makamashin daga kabaid ɗin ko ƙarfen yake fitowa, su kuma ƙarewa suke, kuma sun fi fetur tsada.

To me ya sa wasu ke rantsuwa cewa sun gani?

Ba duk wanda ya ce na'ura ta rage masa shan mai ne maƙaryaci ba. Mutumin da ya biya kuɗi aka ɗaura masa abu yakan sassauta ƙafa ba tare da ya sani ba, domin yana son ya ga sakamako. Sau da yawa kuma makaniken da ya ɗaura na'urar yakan wanke nozul, ya canza filogi da matatar iska a lokaci guda, sai a ba na'urar ladan gyaran. Wasu kuma rage man da ke shiga inji kawai suke yi. Fetur na ƙonewa daidai ne idan aka haɗa kashi ɗaya nasa da kusan kashi 14.7 na iska a ma'aunin nauyi. Idan aka matse man fiye da kima, mota na iya ɗan rage sha, amma ƙarfinta zai ragu, injin ya riƙa zafi, bawul ya ƙone, kuma kuɗin sauke inji ya cinye abin da aka tara a shekara.

Awon ma kansa abin dubawa ne. Allurar tankin mota ba ma'auni ba ce, kuma tafiyar kilomita 20 ba ta isa gwaji ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada ko ta tantance na'urori fiye da 100 da aka ce suna rage shan mai, daga maganaɗisu zuwa masu juya iska da sinadaran zubawa a tanki, kuma ba ta samu ko ɗaya da ya kawo canji na a zo a gani ba. Wasu ma ƙara hayaƙi suka yi.

Zargin maƙarƙashiya

Adalci ne a faɗi cewa masu zargin manyan kamfanoni ba su rasa dalili ba. Ruwa ba ya tsami banza. A 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki na duniya sun haɗa baki suka taƙaita rayuwar ƙwai zuwa awa 1,000. A 2014 hukumomin Amurka sun ci tarar Hyundai da Kia dala miliyan 100 saboda sun zuzuta ƙarancin shan man motocinsu. A 2015 aka kama Volkswagen da sa manhajar yaudara a miliyoyin motocin dizal don su tsallake gwajin hayaƙi, a 2016 kuma Mitsubishi ya amsa cewa ya yi aringizo a alƙaluman shan mai. Wanda ya san wannan tarihi ba za a zarge shi ba idan ya ƙi yarda da kamfanoni ido rufe.

Amma a lura da alƙiblar waɗannan laifuffuka. Kamfanonin sun yi ƙarya ne don a ɗauka motocinsu ba sa shan mai, domin abin da ke sayar da mota ke nan, kuma dokokin Turai da Amurka na cin tararsu idan suka gaza. Kamfanin da ke shiga haɗarin tarar biliyoyin daloli don ya ƙara kilomita ɗaya ko biyu a takarda ba zai ɓoye fasahar da za ta ninka tafiyar sau biyar a aljihun tebur ba. Sannan takardun mallakar fasahar Pogue da Ogle da Meyer duk a buɗe suke, da zanensu da bayaninsu, kuma wa'adin kariyarsu ya ƙare tuni. Kowa na iya saukewa ya ƙera ba tare da ya biya ko kwabo ba. Japan da Koriya ta Kudu da Indiya da Sin suna kashe maƙudan kuɗi wajen sayo mai daga waje, kuma ba su da dalilin kare ribar kamfanonin man Amurka. Sojojin kowace ƙasa ma sun san jigilar mai ita ce babban rauninsu a fagen daga. Da abin yana aiki, da waɗannan ne za su fara wawashe shi.

Ita kanta takardar mallakar fasaha ana yi mata mummunar fahimta. Ba shaida ba ce cewa abu yana aiki. A Najeriya ma, dokar 1970 da ta tsara harkar ta ce magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, kuma ana bayar da shaidar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Don haka ɗaga takarda mai hatimi a gaban kyamara ba ya ƙara wa iƙirari nauyi.

Inda aka samu nasara ta gaske

Abin mamaki shi ne, adadin da ake jingina wa masu kafiretar tsafi an riga an wuce shi nesa ba kusa ba, a bainar jama'a, ba tare da an kashe kowa ba. Gasar Shell Eco-marathon, wadda ta samo asali daga wata gardama tsakanin ma'aikatan binciken kamfanin a jihar Illinois a 1939, ta ga motocin ɗalibai da suka yi dubban kilomita da lita guda. A 2005 wata motar ɗaliban kwalejin fasaha ta Zurich mai amfani da haidurojin ta yi kwatankwacin kilomita 5,385 da makamashin lita ɗaya ta fetur. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na jami'o'in Legas da Benin su ma sun ƙera motocinsu sun shiga wannan gasa. Sai dai kowa ya ga irin motocin ya san sirrin: nauyinsu bai kai na buhun masara ba, direba kwance yake a ciki, tayoyinsu kamar na keke, gudunsu kuma kimanin kilomita 30 ne a awa. Ba injin aka yi wa siddabaru ba, aikin da ake nema daga gare shi aka rage.

Da aka so kawo wannan dabara kan titi, sai tsada ta shigo. Volkswagen XL1 da aka fara ƙerawa a 2013 an auna ta a kan lita 0.9 a kilomita 100, tare da taimakon batirin da ake caji. Mutum biyu take ɗauka, nauyinta kilo 795, guda 250 kacal aka yi, kuma farashinta ya haura yuro 100,000. A 2010 ma an raba kyautar dala miliyan 10 a Amurka ga waɗanda suka ƙera motocin da suka kai kwatankwacin mil 100 da galan a gwajin da alƙalai suka sa wa ido. Ƙofar gasar a buɗe take ga kowa, amma babu motar ruwa ko kafiretar tururi a cikin waɗanda suka ci.

A gida Najeriya, masu ƙwazo na gaske suna nan, kuma su ne suka fi cutuwa idan labaran bogi suka cika fili. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, yana cikin waɗanda suka zana motar Chevrolet Volt kafin ya shugabanci hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, wato NADDC. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da mayar da ƙananan motocin bas masu fetur zuwa masu batir, ana cajin su da hasken rana, fasinjoji na shiga suna biya. Babu ɗayansu da ya ce ya samo makamashi daga babu. Kowa na iya nuna inda ƙarfin ya fito da inda ya tafi.

Haka shirin gwamnatin tarayya na mayar da motoci zuwa iskar gas ta CNG, wanda aka ƙaddamar a 2023. Gas ba ya sa mota ta rage cin makamashi, sauƙinsa a farashi yake, domin ƙasar na da arzikin gas da ya haura ƙafa tiriliyan 200. Shi ma yana da nasa haɗarin idan aka bi hanyar araha: fashewar da ta auku a wata tashar gas a birnin Benin a Oktoban 2024 an danganta ta ne da tukunyar da aka haɗa a wajen masu walda, ba wadda aka ƙera don ɗaukar matsin gas ɗin ba.

Abin da ya rage wa hukumomi

Ra'ayin wannan sharhi shi ne, kuskure biyu ne ya kamata a guje wa. Na farko shi ne yi wa matashin da ya zo da kwalba da wayoyi dariya a kore shi. Da yawansu ba 'yan damfara ba ne, yara ne masu basira da ba su samu malamin da zai zauna da su ya yi musu lissafin ba, kuma hannun da ya iya haɗa wannan kwalba zai iya haɗa injin ban ruwa mai amfani da hasken rana. Na biyu, wanda ya fi tsada, shi ne jami'in gwamnati ya ɗauki hoto da na'urar da ba a gwada ba, ya yi alƙawarin miliyoyi, hoton kuma ya zama jarin da za a yaudari talakawa da shi.

Tsakanin waɗannan biyun akwai hanya mai sauƙi. Ƙasar na da NADDC, da hukumar NASENI mai kula da kayan aikin kimiyya da injiniya, da hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki ta SON, da sassan injiniya a jami'o'in Zariya da Kano da Minna da Bauchi. Duk wanda ya zo da iƙirari a karɓe shi da mutunci, a sa hannu a yarjejeniyar kare masa sirri, sannan a yi gwajin da ba shi ne ke riƙe da ragamarsa ba: a zazzage tanki, a duba ko akwai wani a ɓoye, a auna man da sikeli kafin tashi da bayan dawowa, a auna cajin batir, a ba direban da bai san ko na'urar na kunne ko a kashe ba, a maimaita tafiyar sau da yawa a hanya ɗaya, a kuma wallafa sakamakon ko mai daɗi ne ko akasin haka. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC kuma tana da hurumin bin masu tallar na'urorin da ke alƙawarin rage shan mai da rabi, ta nemi su kawo shaidar gwaji ko su janye tallar.

Shi kuwa mai mota, abin da zai rage masa kashe kuɗi yana hannunsa, ko da yake ba shi da armashin bidiyo. Alƙaluman ma'aikatar makamashi ta Amurka sun nuna cewa tuƙin ganganci, wato fizgar mota da yawan taka burki da gudun wuce sa'a, na ƙara shan mai har a yi asarar kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na tafiyar da lita ke kaiwa a babbar hanya, a cunkoson gari kuma asarar na iya kai kashi 40. Juriyar iska tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, shi ya sa direban da ke bin hanyar Kano zuwa Zariya a kan 90 yake isa da sauran mai fiye da wanda ke kan 130. Taya mai ƙarancin iska, da kaya a saman rufi, da filogin da ya gaji, da na'urar auna hayaƙin salansa da ta mutu aka bar fitilar gargaɗi na ci wata da watanni, kowannensu na ɗiban nasa kason. Hanyar sanin ko gyara ya yi amfani ita ce a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita, a sake cikawa a famfo ɗaya bayan tafiya, a raba kilomitar da litar da aka ƙara, a kuma yi hakan aƙalla sau uku kafin gyaran da sau uku bayansa.